KAFIN KA SAYI MAKULLIN LANTARKI, TAMBAYI ABIN DA ZAI YI IDAN AN ƊAUKE WUTA

Duk wanda ya shiga banki, ko babban otal, ko ɗaya daga cikin sababbin ofisoshin da ake ginawa a Kano da Kaduna da Abuja a 'yan shekarun nan, ba zai rasa ganin wani sabon abu a jikin ƙofofi ba. Ma'aikaci zai zo ya kara ɗan kati a jikin wata 'yar na'ura, ko ya danna lambobi, ko ya ɗora yatsansa, sai ka ji ƙit, ƙofa ta buɗe ba tare da an zura ɗan makulli ba. Wannan shi ne makullin lantarki. A da sai manyan ma'aikatu ke iya sayensa, amma yanzu ya shigo kantunan kayan gini, har magidanta da masu gidajen haya da masu kantuna sun fara ɗaura shi a ƙofofinsu.

Amfaninsa ba ɓoyayye ba ne. Idan ɗan makulli na ƙarfe ya ɓace, ko kuwa aka sallami ma'aikaci ya tafi da nasa, tilas a cire makullin gaba ɗaya a sa sabo, a kuma sake raba wa kowa. Makullin lantarki kuwa sai dai a soke kati ko lambar mutum ɗaya, sauran jama'a su ci gaba da shiga yadda suka saba. Bugu da ƙari, da yawa daga cikinsu suna rubuta wanda ya buɗe ƙofa da lokacin da ya buɗe ta, abin da kan kashe gardama a sito ko ɗakin ajiyar magani.

To, amma akwai wata tambaya da mai saye ba ya cika yi ba, shi kuma mai sayarwa ba ya cika tayar da ita ba. Idan aka ɗauke wuta, ko batir ya mutu, ko gobara ta cinye waya, ƙofar nan buɗewa za ta yi ko kullewa? A ƙasar da ɗauke wuta ya zama abin yau da kullum, wannan tambaya ita ce ya kamata ta zo kafin maganar kyau da kafin maganar kuɗi, domin amsarta tana iya zama dalilin asarar dukiya, ko ma asarar rai.

ASALIN ABIN

Makullin da muka saba da shi, mai 'yan ƙananan fil a ciki waɗanda haƙoran ɗan makulli ke ɗagawa, wani Ba'amurke ne mai suna Linus Yale ƙarami ya kyautata shi a shekarun 1861 da 1865, ko da yake tun zamanin da mutanen Masar suna yin irinsa da itace. Makullin maganaɗisu na zamani kuwa an ƙera shi ne a shekarar 1969 domin ƙofofin wani babban zauren wasanni a birnin Montreal na ƙasar Kanada, inda hukuma ta damu da yadda za a kulle ƙofofi ba tare da an tsare jama'a a ciki ba idan gobara ta tashi. A cikin shekarun 1970 kuma wani mutumin ƙasar Norwe, Tor Sornes, ya ƙirƙiro makullin otal mai aiki da kati mai huji-huji, wanda ake sauya wa tsari duk lokacin da baƙo ya tashi. Daga nan aka zo kati mai baƙin zare a bayansa, sannan wanda ake karawa kawai, har zuwa yau da ake buɗe ƙofa da wayar hannu.

MAI SAKI DA MAI RIƘEWA

Duk yawan sunayen da ke cikin kasuwa, makullan lantarki iri biyu ne idan aka duba halinsu a lokacin da wuta ta yanke. Na farko shi ne mai saki. Wannan wuta ce ke riƙe da shi a kulle, saboda haka da ta yanke sai ya saki ƙofa, kowa ya shiga, kowa ya fita. Na biyu shi ne mai riƙewa. Shi a kulle yake da kansa, wuta buɗe shi take yi, saboda haka idan ta yanke yana nan a kulle.

Kowannensu yana da inda ya dace da inda zai zama masifa. Wanda ya sa mai saki a ƙofar sitonsa ba tare da tanadin batir mai ƙarfi ba, ya ba ɓarawo hanya mai sauƙi, don kuwa ba sai ya fasa kome ba, sai dai ya jira a ɗauke wuta, ko ya yanke waya da kansa. Wanda kuma ya sa mai riƙewa a ƙofar da jama'a ke fita, ba tare da wata hanyar buɗewa da hannu daga ciki ba, ya gina kurkuku ne bai sani ba.

Abin lura a nan shi ne, ƙofa fuska biyu gare ta. Aikin makulli shi ne ya hana na waje shigowa ba da izini ba. Na ciki kuwa, a kowane hali, dole ne ya iya fita da motsi ɗaya na hannunsa, cikin duhu, cikin hayaƙi, ba tare da kati ko lamba ko ɗan makulli ko wani ilmi na musamman ba. Makulli mai riƙewa mai inganci haka aka ƙera shi: daga waje yana kulle ko da wuta ko babu, amma mariƙinsa na ciki haɗe yake da harshen makulli ta hanyar ƙarfe zalla, da an murɗa sai ya buɗe. Irin wannan shi ya fi dacewa da yawancin gidaje da ofisoshi da kantunanmu.

DARASIN DA AKA SAYA DA RAYUKA

Wannan ƙa'ida ta fita ba tare da cikas ba, ba a ofis aka zauna aka ƙaga ta ba. A watan Yuni na 1883, a wani zauren taro da ke garin Sunderland a Ingila, yara suka rugo daga bene domin karɓar kyaututtukan da ake rabawa. A ƙarshen matakala akwai ƙofa mai buɗewa ciki, an kuma sa mata sakata an bar 'yar kafar da yaro ɗaya kaɗai zai iya wucewa. Yara 183 suka mutu a turmutsitsin, ba tare da ko tartsatsin wuta ba. Bayan wannan ne aka fara tilasta cewa ƙofofin wuraren taro su riƙa buɗewa waje, aka kuma ƙirƙiro sandar nan da ake girkawa a tsakiyar ƙyaure, wadda ko da jiki mutum ya faɗa mata sai ƙofa ta buɗe.

Ranar 25 ga Maris, 1911, gobara ta tashi a masaƙar tufafi ta Triangle a birnin New York. Mutum 146 suka rasu, yawancinsu 'yan mata ma'aikata, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne an kulle wata ƙofar fita don gudun kada ma'aikata su saci kaya. Ranar 1 ga Agusta, 2004, a wani katafaren kanti a Asuncion, babban birnin ƙasar Paraguwai, fiye da mutum 300 suka hallaka a gobara, shaidu kuma suka ce an rufe ƙofofi ne don kada jama'a su fita da kaya ba su biya ba. A duk waɗannan wurare tsoron ɓarawo ko son tsari ne ya sa aka rufe ƙofa, sai aka guje wa gara aka faɗa gidan zago.

Mu a nan ya fi kamata mu kula, domin yawancin gidajenmu da kantunanmu na birni an datse tagoginsu da sandunan ƙarfe saboda ɓarayi. Watau ƙofa ita kaɗai ce mafita. Idan ita ma aka ɗora buɗewarta a kan wutar lantarki, to ranar da gobara ta tashi daga wayar wuta, kamar yadda takan faru, babu ta inda za a bi.

IRE-IREN MAKULLAN

Na farko shi ne makullin maganaɗisu. Ana kafa maganaɗisun a saman firam, a kafa farantin ƙarfe a jikin ƙyaure, muddin akwai wuta suna manne da juna. Waɗanda aka fi sayarwa ƙarfin riƙonsu yakan kai kimanin kilo 270 ko kilo 540. Ba shi da wani abu mai motsi a ciki, saboda haka yana daɗewa, kuma shi ake yawan sa wa ƙofofin gilashi. Amma shi mai saki ne ta halittarsa, babu yadda za a yi ya riƙe ƙofa babu wuta. Har ila yau ba shi da mariƙi, don haka tilas a sa masa maɓallin fita daga ciki, da ɗan akwatin gaggawa mai yanke wutarsa kai tsaye idan an fasa ko an danna fuskarsa, sannan a haɗa shi da ƙararrawar gobara idan ginin yana da ita. Duk wanda ya ɗaura maganaɗisu bai yi waɗannan ba, bai gama aiki ba.

Na biyu shi ne wanda ake dasawa a jikin firam, daidai ramin da harshen makulli ke shiga. Makullin ƙarfe na ƙofar yana nan yadda yake, sai dai idan an kara kati leɓen ramin ya saki harshen, a tura ƙofa. Ana samunsa mai saki, ana samunsa mai riƙewa, wasu ma ana iya juya su daga wannan hali zuwa wancan. Alherinsa shi ne mariƙin ciki da ɗan makulli na ƙarfe suna ci gaba da aiki ko babu wuta, kuma mai riƙewa ba ya shan wuta sai a 'yan daƙiƙun da ake buɗewa.

Na uku ita ce sakatar lantarki, wadda ke cilla ƙarfe cikin rami a sama ko a gefen ƙofa. Tana da kyan gani don a ɓoye take, amma tana da wani mugun hali: idan mutane suka danno ƙyaure da ƙarfi, ƙarfen kan maƙale a raminsa ya ƙi komawa ko da an yanke wutar. Saboda haka masana harkar gobara ba su son ganinta a ƙofar da jama'a da yawa za su fita ta cikinta.

Na huɗu shi ne makulli mai batir, wanda kome nasa yana jikinsa: wurin danna lamba, wurin yatsa ko kati, da 'yar injin da ke jan harshe. Shi ne na otal-otal, shi ne kuma aka fi sayar wa magidanta. Yana aiki da ƙananan batura irin na tocila ko rediyo, huɗu ko takwas, waɗanda kan yi watanni kafin su ƙare, saboda haka ɗauke wuta bai dame shi ba. Abin dubawa gare shi shi ne ko yana gargaɗi kafin batir ya mutu, ko yana da ramin ɗan makulli na ƙarfe, ko kuma yana da wurin da za a jona masa wuta daga waje idan ya mutu ana waje.

LISSAFIN BATIR

Mai ɗaura makullin maganaɗisu zai ce maka kada ka damu, akwai batir. To, ka ce a yi lissafi. Irin wannan makulli mai aiki da bolt 12 yakan sha kusan rabin ampiya dare da rana. Batirin da aka fi sawa a akwatin wutarsa shi ne wanda aka rubuta 7Ah a jikinsa. Idan aka raba 7 da rabi, an sami awa 14 ke nan a kan takarda, ga ƙofa ɗaya, da sabon batir. Idan ƙofa biyu ce a kan batir ɗaya, awa 7. Ba a kuma sa abin da na'urar karanta kati da ƙwaƙwalwar tsarin ke sha ba.

Mai karatu zai tuna watan Oktoba na 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu bayan da manyan layukan da ke kawo wuta suka lalace. Batirin awa 14 ba zai tsinana kome ba a irin wannan hali. Daɗin daɗawa, zafi maƙiyin irin wannan batir ne. Masu ƙera shi suna auna rayuwarsa ne a digiri 20 zuwa 25, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yakan rage shekarunsa da kusan rabi. Ga shi kuwa a watan Afrilu zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40. Saboda haka duk mai son maganaɗisu, lalle ne ya jona shi da inbata ko sola, ya ajiye akwatin batirin a wuri mai inuwa da iska, ya kuma sa ranar gwada shi da ranar sauya shi.

Haka nan kada a manta da hawa da saukar wuta, da lokacin da ake juyawa daga layin gwamnati zuwa janareta, da tsawar damina. Waɗannan su ke ƙona ƙwaƙwalwar makulli. 'Yar na'urar kare kayan wuta daga bugun lantarki ba ta kai kuɗin makullin ba ko kusa, bai kamata a yi mata rowa ba.

DA ME ZA A BUƊE?

Lambar sirri ita ce mafi araha, ba ta faɗuwa a kasuwa, amma tana yawo a baki. Lamba mai gurbi 4 tana da hanyoyi 10,000, mai gurbi 6 tana da miliyan 1. Amma idan aka daɗe ana danna lamba ɗaya har maɓallai huɗu suka goge suka bambanta da sauran, ɓarawo mai ido ba zai gwada fiye da sau 24 ba. Maganin wannan shi ne a ba kowa lambarsa, a riƙa sauyawa, a kuma sayi wanda ke rufe kansa na ɗan lokaci idan an yi kuskure sau da dama. Abu na farko kuma bayan ɗaurawa shi ne a sauya lambar da makullin ya zo da ita daga masana'anta, domin tana rubuce a littafin da ke cikin kowane kwali.

Kati shi ya fi dacewa da ma'aikata mai mutane da yawa, amma ba duk kati ne kati ba. Tsohon samfuri mai aiki a kan kilohaz 125 lambarsa kawai yake faɗa wa duk na'urar da ta tambaye shi, kuma ana kwafarsa cikin daƙiƙu da 'yar na'ura mai araha. Ko a cikin masu megahaz 13.56, samfurin MIFARE Classic masu bincike a Jami'ar Radboud ta ƙasar Holan sun nuna yadda ake warware sirrinsa tun a shekarar 2008. Mai saye ya nemi sabon samfuri mai ɓoye bayanansa da tsari mai ƙarfi, irin su MIFARE DESFire, ya kuma sa a rubuta masa sunan samfurin a takardar ciniki.

Zanen yatsa ba a mantawa da shi a gida, ba a kuma ara wa aboki. Amma duk wanda ya tsaya a layin zaɓen 2015 ya ga yadda na'urar tantance masu jefa ƙuri'a ta riƙa ƙin karanta yatsun mutane. Bushewar fata a lokacin hunturu, da jiƙaƙƙen hannu, da yatsun tsofaffi da na masu aikin ƙarfi waɗanda zanensu ya shafe, duk sukan ba irin waɗannan na'urori wahala. Tun a 2002 kuma wani malami a Jami'ar Yokohama ta Japan, Tsutomu Matsumoto, ya nuna cewa ana iya yaudarar da yawa daga cikin na'urorin wancan lokaci da yatsan ƙarya. An sami ci gaba tun daga nan, amma masu araha ba su da tabbas. Masu ma'aikatu kuma su sani cewa Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta sa zanen yatsa da hoton fuska cikin bayanai masu buƙatar kulawa ta musamman, ba a tattara su a ajiye yadda aka ga dama.

Wayar hannu kuwa tana da daɗi, don mutum yana iya buɗe wa baƙo ƙofa daga wani gari. Sai dai cajinta kan ƙare, intanet kan yanke, kamfanin da ya yi manhajar kuma yana iya rufewa ya bar ka da makulli maras uwa. Kada ta zama ita kaɗai ce hanyar shiga.

SHI MA ANA KARYA SHI

Kada tsada ko babban suna su sa mutum ya saki jiki. A watan Yuli na 2012, a wani taron masana tsaron kwamfuta a Las Vegas, wani matashi mai suna Cody Brocious ya nuna yadda ake buɗe makullan otal na kamfanin Onity da 'yar na'urar da kuɗin haɗa ta bai kai dala 50 ba, alhali kuwa makullan suna jikin ɗakuna kimanin miliyan 4. A watan Maris na 2024 wasu masu bincike suka bayyana wani rauni a makullan Saflok, wanda ya shafi ƙofofi kusan miliyan 3 a ƙasashe 131. A watan Agusta na 2017 kuma kamfanin LockState na Amurka ya aika wa makullansa sabuwar manhaja ta intanet bisa kuskure, makullai kusan 500 suka daina karɓar lamba, sai mai ɗan makulli na ƙarfe ne ya iya shiga.

Darasi biyu ke nan. Na ɗaya, a sayi kayan kamfanin da ke da wakili wanda za a iya samu idan gyara ya taso. Na biyu, kada a raina ɗan makulli na ƙarfe, shi ne mafita ranar da fasaha ta gaza.

Amma ɓarawon unguwa ba ya buƙatar ilmin kwamfuta. Yawancin na'urorin danna lamba masu araha suna ɗauke da mabuɗin wutar makullin a cikin akwatin da ke waje. Wanda ya kwance sukurori biyu ya haɗa wayoyi, ko ya yanke su, ƙofa ta buɗe. Tsari mai kyau shi ne abin da ke waje ya zama mai karatu kawai, ita kuwa ƙwaƙwalwar da ke yanke hukunci, da wayoyin makulli, da batir, duk su kasance a ciki, inda hannun na waje ba ya kaiwa.

ƘYAURE DA FIRAM

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Makullin da ya fi kowanne tsada ba zai yi amfani ba a jikin ƙyauren falange da ake iya ɓallawa da ƙafa, ko firam ɗin da ba a kafa shi sosai a bango ba. Ƙyauren katako kuma yakan kumbura da damina ya tsuke da hunturu, sai harshen makulli ya daina dacewa da raminsa, 'yar injin ta yi ta fama har ta cinye batir ko ta ƙone. A fara kiran kafinta ko mai walda ya daidaita ƙofar tukuna. A ma'aikata kuma a sa mata abin da ke mayar da ita ta rufe da kanta, domin ƙofar da aka bari a buɗe, ko aka tokare da dutse, babu makullin da zai tsare ta.

Wanda za a ɗaura a waje, a duba lambar da ke biye da haruffan IP a jikin kwalinsa. Alal misali IP65: lamba 6 tana nufin ƙura ba ta shiga, lamba 5 tana nufin yana jure feshin ruwa. Ga ƙasar da ke da ƙurar hunturu da ruwan Agusta, wannan ba ado ba ne. Makullan da aka gwada bisa ma'aunin Amurka kuma ana raba su daraja uku: ta 1 ita ce mafi ƙarfi, ta wuraren da ake shiga da fita ba ƙaƙƙautawa, ta 3 kuwa ta gida ce mai ƙarancin zirga-zirga. Wanda ya sa makullin ɗakin kwana a ƙofar asibiti ko makaranta, kada ya yi mamaki idan ya lalace kafin shekara. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa.

GIDA DABAN, MA'AIKATA DABAN

Magidanci ya dubi mutanen gidansa kafin ya dubi kwali. Akwai tsohuwa da ba ta karanta lamba? Akwai yara da ke dawowa daga makaranta ba kowa a gida? Shi kansa yakan fita sallar asuba ba waya a aljihu? Abin da ya fi dacewa da yawancin gidaje shi ne makulli mai batir, mai hanyoyin buɗewa biyu ko uku, mai buɗewa da murɗa ɗaya daga ciki, mai kuma ɗan makulli na ƙarfe. Shi wannan ɗan makulli a ba ɗan'uwa ko maƙwabci amintacce ajiya, domin kuskuren da aka fi yi shi ne a adana shi a cikin ɗakin da aka kulle. Mai gidan haya kuma zai ji daɗin soke lambar wanda ya tashi, amma ya sani cewa littafin shiga da fitar ɗan haya sirrin ɗan haya ne.

Mai ma'aikata ko otal ko makaranta kuwa, ya ɗauki takarda ya zagaya gininsa, ya rubuta kowace ƙofa da aikinta. Ƙofar ɗakin kuɗi da ta sito da ta ɗakin kwamfutoci, mai riƙewa, da mariƙin fita daga ciki. Ƙofar zauren taro da ta ɗakin kwanan ɗalibai da duk wadda ke kan hanyar gudu, ta buɗe waje, da sandar turawa. Ƙofar da aka yi musamman don tare wuta da hayaƙi, kamar ta matakalar bene, tilas harshenta ya kasance a maƙale lokacin gobara don kada zafi ya bankaɗe ta, amma mariƙinta ya buɗe ga mai gudu. Sannan a naɗa mutum ɗaya wanda aikinsa ne ya soke katin duk wanda ya bar aiki a ranar da ya bari.

Kafin a biya kuɗin ƙarshe, a sa mai aikin ya yi gwaji a gaban mai gini. A kashe wuta, a cire batir, a tsaya a ciki a ga ko yaro ɗan shekara bakwai zai iya fita, sannan a koma waje a ga ko za a iya shiga ba da izini ba. Mai aikin da ya ƙi wannan gwaji, a nemi wani.

KIRA GA HUKUMA

Nauyin bai tsaya a kan mai saye kaɗai ba. Ya kamata hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, watau SON, ta sa ido a kan makullan da ake shigowa da su, musamman waɗanda ba su da sunan maƙeri ko takardar gwaji. Hukumomin tsara birane da 'yan kwana-kwana na jihohi kuma, idan sun je duba otal ko makarantar kwana ko asibiti ko gidan biki, kada su tsaya a ƙirga tukwanen kashe gobara, su kashe wuta su tura kowace ƙofa da hannunsu. Makarantun koyon sana'a su ma lokaci ya yi da za su sa wannan fanni cikin darussan masu aikin wayar wuta, domin yawancin kurakuran da ake gani daga wajen ɗaurawa suke.

Kai kuma mai karatu, idan ka riga ka ɗaura irin wannan makulli a gidanka ko wurin sana'arka, kada ka kwana yau ba ka gwada shi babu wuta ba, ka kuma nuna wa kowa a gidan yadda ake fita. Allah ya kare mu daga sharrin ɓarawo da na gobara, amin.